Guzan Gidan Nomau

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ɗiyata, autata, mai sunan uwata, Ummi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa kin sauka Sabuwa lafiya, kin iske Gwaggonki da mutanen gidanta cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare mani ke a hanya da daji, ya raba ki da mugun mutum da mugun ƙwaro, amin.

Na san kin yi mamaki da kika ɗaga robar dambun nama kika ga takarda a ƙarƙashi. Ni na sa ta da hannuna. Kwana uku ina zagaya ki a tsakar gida ina so in yi maki magana, da na buɗe baki sai in ji na ce, "Kin ɗauki tocila?" Sau huɗu na tambaye ki tocilar nan, har mahaifiyarki ta ce ko kamfanin batir ne ya ɗauke ni talla. To, ba tocila ce a raina ba. Akwai maganar da uba ba ya iya faɗa yana kallon idon ɗiyarshi, shi ya sa na koma ga alƙalami.

Kafin komai, ki sani farin ciki ya cika ni har ya yi mani yawa. Shekara talatin da biyar ina bin kwaɗi da ƙadangaru da kunkuru da macizai, ina awo, ina rubutu, ina koyarwa a jami'a. Mutanen Pauwa, inda aka yanke mani cibi, har gobe ba su yarda aiki ne ba. "Malam mai kwaɗi" suke ce mani, kuma ina amsawa da ƙarfi. Yayyenki huɗu duk sun gudu, ko tsaka suka gani a bango sai sun nemi takalmi. Sai ga ke, ba wanda ya tura ki, kin ce digirinki na uku a kan kwaɗi za ki yi shi. Ranar da kika faɗa, na shiga ɗaki na rufe ƙofa na taka rawa, da gwiwar nan tawa mai ciwo. Kada ki gaya ma kowa.

Ga maganar da ta hana ni sukuni. Tafkin Gidan Nomau, wanda kika gani cikin tsofaffin littattafaina, kika gina bincikenki kacokan a kanshi saboda ba ya ƙafewa da rani, kuma nan ne jan kwaɗon nan mai zama cikin ramin gwano ya fi yawa, shekara talatin da huɗu ke nan da aka ce ni da duk abin da na haifa kada mu ƙara taka bakinshi. Ban taɓa gaya maki ba. Ranar da kika zauna kina karanta mani tsarin aikinki, ina ta gyaɗa kai ina madalla, madalla, alhali na san abin da ke jiran ki. Shekara biyu kina shiri, malamanki sun sa hannu, in aka mayar da ke daga bakin tafkin nan sai kin koma farko, kuma laifin ba naki ba ne, nawa ne.

Na san halinki sarai, yanzu za ki juya takarda ki leƙa ƙarshe. Kul! Ki bi ni a hankali. Zan fara da ƙananan wautata, don in samu ƙarfin faɗin babbar.

Daminata ta farko a aikin nan a Ketare na yi ta. Ina saurayi, da sabon babur, da sabon biro mai tsada da na sayo don a san ɗan jami'a ya zo. Wata huɗu ina shiga kududdufai har ƙugu. Duk abin da na kama sai in rubuta sunan wurin da ranar a 'yar takarda, in jefa cikin kwalba tare da shi, in zuba sinadari in rufe. Da kaka na kwashi kwalabe na jera gaban malamina ina hura hanci. Ya ɗaga ta farko ya duba, ya ɗaga ta biyu, ya ɗaga ta uku. Ummi, takardun nan fari fat! Sinadari ya wanke tawadar tas, ruwan ya koma shuɗi kamar an yi wankin bula. Malam ya cire tabarau ya ce, "To, ɗan Kankara, ka kawo mamu kwaɗi masu kyau, amma ba mu san 'yan wane gari ba ne." Aikin damina guda ya tashi a banza. Don haka fensir, Ummi, fensir. Ki rubuta nan take, a bakin ruwan, kada ki ce sai kin koma gida, kai ba ya riƙe abin da yake cewa zai riƙe. Ranar da kika fita ba ki ga komai ba, ki rubuta ba ki ga komai ba, kada ki ji kunyar shafi.

Ta biyu kin sha jin ta a bakin mahaifiyarki, amma ita tana ƙara mata gishiri, bari ki ji ta gaskiya. Watanmu biyu da aure, na dawo da burduddugi guda tara, manyan kwaɗin nan masu cika tafin hannu biyu, ina so in auna su da rai washegari in mayar. Na duba gidan kaf ban ga abu mai murfi ba sai babbar kwallar jerenta, wadda ke can sama tana ƙyalli. Ta tafi gidan suna. Na sauke, na zuba ruwa kaɗan, na sa su, na rufe, na mayar inda take. A raina na ce zan gaya mata, sai na manta. Da safe ƙawayenta suka zo ganin ɗaki daga Faskari. Ana ta yaba jere, sai wata mai rawar kai ta ce bari ta ga ko kwallar nan ta gaske ce. Ina zaure na ji ihu kamar gobara ta tashi. Mata bakwai suka nemi fita ta ƙofa ɗaya, wata ta bar takalmi, wata ta bar mayafi, kwaɗo ɗaya ya dira tsakiyar gadon amarya ya zauna yana kallon kowa. Kwana tara mahaifiyarki ta yi a gidansu, kwana ɗaya kan kowane kwaɗo, in ji ta. Sai da kawuna ya je biko sau biyu.

Ke ma yanzu gidan mutane kike. Gwaggonki tana son ki, amma son da take maki bai kai ta buɗe bokitin wanka ta ga kififiya ba. Duk abin da kika shigo da shi mai numfashi, ki sanar da ita tun daga zaure, ki nemi kusurwarki, ki sayi bokitinki. Mu da muka saba muna mantawa cewa abin da muke gani kyakkyawa, wasu tsigar jikinsu yake tayarwa. Kada ki yi masu dariya, kada kuma ki tsaya yi masu lacca suna cikin tsoro.

Tabon da ke bayan hannuna na dama, da kina ƙarama kike dannawa kina tambaya, ina ce maki ƙaya ce, ba ƙaya ba ce. A duwatsun bayan Faskari ne. Ina ɗaga duwatsu ina neman ƙadangaru, sai wani dattijo da ke huɗa a gonarshi ya tsaya ya dogara da garma ya ce, "Malam, wannan gefen ba a sa hannu, kububuwa ta yi yawa bana." Na ce mashi, "Baba, kada ka damu, na karanta halinta, da zafin rana ba ta motsi." Ya ce, "To, Allah ya sa ita ma ta karanta." Dutse na uku ta sare ni. Dattijon nan da na raina shi ya goya ni a kekenshi har bakin titi, yana tuƙi yana haki, bai ce mani ko "ai na gaya maka" ba. Kwana goma sha ɗaya na yi a asibiti, jini na fita har ta dasashina.

Sandarki mai ƙugiya ba ado ba ce, ita ke ɗaga dutse, kuma ki ɗaga shi ta yadda bakinshi zai kalli can, ba ƙafarki ba. Dogon takalmi ko da zafi zai kashe ki. Amma abin da na fi so ki riƙe shi ne maganar manomin. Mutumin da ya shekara hamsin a gona ɗaya ya fi ki sanin ta, ko da bai san sunan komai da Latin ba. Yanzu kuma dajin Sabuwa ba kububuwa kaɗai ke cikinshi ba, kin sani, na sani. In mutanen gari suka ce yau ba a fita, to ba a fita, ko da ruwan farko ne ya sauka kwaɗin duniya duk suka fito. Ki fita da rana, ki dawo da rana, a san inda kika nufa. Ba binciken da ya kai ranki a wurina.

To, yanzu babbar. Da a ce saran kububuwa ya koya mani hankali, da ba a yi ta ba, amma shekara ɗaya tal tsakaninsu.

Gidan Nomau 'yar unguwa ce ta Maguzawa, gidaje ba su fi goma ba a lokacin, a gindin wani baƙin dutse, tafkin na bayan dutsen. Baba Nomau shi ne babbansu, dogo, mai dariya da dukan jiki. Na iso ba su san ni ba, ban san su ba. Ya sa aka share mani ɗaki. Matarshi, Inna Kande, safe da yamma tuwon dawa da miyar karkashi, har da man shanu, wai ɗan boko ya rame. Shi Baba Nomau da kanshi ya kama hannuna ya kai ni wani ramin gwano, ya tona da tsinke a hankali, ya nuna mani jan kwaɗon nan kwance tsakiyar gwano, ba wanda ya cije shi. Ya ce, "Tun ina yaro nake mamakin wannan. Tun da kai mai karatu ne, in ka gano sirrin ka gaya mani." Kin ga tambayar da za ki yi digiri a kanta ba tawa ba ce, tashi ce.

Sharaɗi ɗaya ya kafa mani. Ya ce, "Samari, duk abin da ke tafkin nan ka kama, ka duba, ka saki. Amma ban da Tsoho. Shi ne kan gidanmu." Tsoho wani guza ne da ke zaune ƙarƙashin dutsen. Kan gida kuwa, in ba ki sani ba, dabba ce da zuri'a ta ɗauka ɗan'uwa tun kaka da kakanni. Ba su kashe ta, ba su cin ta, in ta mutu su yi mata sutura su binne kamar mutum. Inna Kande har ƙwai take ajiye mashi a bakin dutse. Na ce, "To, Baba," da ladabi, a cikina kau dariya nake.

Ummi, ban taɓa ganin guza kamar shi ba, kafin nan da bayan nan. In ya fito shan hantsi sai ya cika saman dutsen. Kullum ina kallon shi ina cewa a raina, awo kawai, tsawo da nauyi, minti goma in sake shi, wa zai sani? Ranar kasuwa gidan ya watse, manya duk sun tafi. Na ɗana zarge, na kama shi da ƙyar, ya zabga mani wutsiya har sau biyu. Na tura shi cikin buhu na ɗaure. Sai na ga na bar sikeli a ɗaki. Na ajiye buhun a kan dutse na tafi ɗaukowa. A hanya na ga wata hawainiya, na tsaya zanen ta. Rana ta take, dutse ya ɗauki zafi. Ko da na dawo, buhu ba ya motsi.

Nan ya kamata in zauna in jira masu gida in faɗi gaskiya. Sai Shaiɗan ya ce mani, tun da ya riga ya mutu, ai kada a yi asarar fatar, jami'a na buƙata. Na fiddo wuƙa. Ina cikin fiɗa Inna Kande ta ɓullo, ta dawo da wuri da ƙwaryar ƙwai a hannu. Ba ta yi ihu ba, da ta yi da ya fi mani sauƙi. Ta ajiye ƙwaryar, ta kwance kallabinta, ta zauna a ƙasa dirshan. Da Baba Nomau ya dawo ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Samari, kwana goma sha tara ka ci tuwonmu. Ɗauki kayanka. Kai da abin da za ka haifa, kada ku ƙara taka bakin ruwan nan." Kin san abin da ubanki ya yi? Har fatar na naɗe na ɗaure a bayan babur. Wallahi yanzu da nake rubutawa kunya ta sa na ajiye alƙalami sau biyu.

Abin da mutane suka ce maki kada ki taɓa, kada ki taɓa shi. Ba sai kin yi imani da abin da suka yi imani da shi ba. Ni Musulmi ne, ban taɓa ɗaukar guza ɗan'uwana ba, har yau. Amma na ci tuwonsu, na ce "to", kuma alkawari ba ruwanshi da addinin wanda ka yi ma shi. Sannan dabbar da ke cikin buhunki amana ce, inuwa da ruwa kafin awo, kuma ki mayar da ita daidai inda kika ɗauke ta.

Kada ki ce ban nemi gyara ba. Na nema, amma irin ta 'yan boko. Na fara da takarda daga ofis, da Turanci, da hatimi, na aika ta hannun dagaci, wai ana baƙin cikin abin da ya faru. Ta dawo ko buɗe ta ba a yi ba. Bayan shekara biyu na sayi rago da buhun taki biyu na ba direba. Da yamma motar ta dawo, ragon na tsaye a baya yana kuka, takin na nan yadda yake. Sai zuciya ta ɗebe ni, na ce to su jiƙa tafkinsu su sha. Na koma wasu wuraren, na yi rubuce-rubuce, na samu girma, ana kira na taro. Da labari ya iske ni cewa Baba Nomau ya rasu, na ce zan je, na ce sai an yi hutu, na ce ai yanzu an makara. Ban je ba. In kin yi ma mutum laifi, Ummi, ki je da ƙafarki tun abin na da ɗumi, kada ki aika.

Da na ga tafiyarki ta matso, abinci ya daina shiga. Mahaifiyarki ta tsare ni ta ce sai na faɗi abin da ke damu na. Na kwashe duka na gaya mata, har rago, har taki. Ta riƙe haɓa ta ce, "Malam, wai kai da duk karatun nan naka, in an yi ma mutum rashi, taki ake aika mashi?"

Na ce, "Hajiya, guza ne fa."

Ta ce, "A wurinka ne guza. Ba ka ce matar ta kwance kallabi ta zauna a ƙasa ba? To makoki ta zauna. Ta'aziyya suke jira, kai kuma kana ta aika masu hatimi. Tashi ka nemo fatar nan, ni zan sayi farin yadi."

Shekara talatin da huɗu ina juya abin nan a kaina, ita ta warware shi tana tsinke zogale. Na tafi jami'a na cika takardu aka fiddo mani fatar daga ma'ajiya. Tana nan cikin durowa da lambarta, da rubutuna a jiki. Mai kula da wurin yana ta kallona a kaikaice, na san cewa yake tsufa ya fara taɓa Malam.

Tafiyar da muka yi makon jiya, da muka ce maki za mu duba ɗakin da Gwaggonki ta ware maki, mun duba ɗakin, ba mu yi ƙarya ba, amma ba shi ya kai mu ba. Mun kwana Sabuwa, da safe aka tambaya aka ce hanya lafiya, muka hau babura biyu. Hanyar nan ta fi da lalacewa, mahaifiyarki tun daga tasha take salati har muka sauka. Unguwar tana nan. Sau biyu suna gudu zuwa cikin gari saboda 'yan bindiga, sau biyu suna dawowa. Dutsen na nan yadda na bar shi.

Muka iske Inna Kande a gindin ɗorawa tana ɓarar gyaɗa. Ta tsufa ƙwarai, idon ya yi hazo. Na yi sallama. Ta karkata kai ta ce, "Wannan murya ta ɗan boko mai buhu ce." Na cire takalmi na zauna a ƙasa gabanta, da babbar rigata da komai. Duk jawabin da na shirya a hanya ya gudu. Na ce, "Inna, ta'aziyya na zo. Ta Baba, da ta Tsoho. Na makara. Ya haƙuri?"

Ta ture ƙwaryar gyaɗar gefe. Sannan ta ce, "Haƙuri da godiya." Ta ɗaga murya ta ce, "Ku kawo tabarma, mai gaisuwa ya zo."

Mahaifiyarki ta miƙa mata ƙullin farin yadin. Ta kwance a kan cinyarta, ta bi fatar da tafin hannu tun daga kai har wutsiya, tana cewa, "Sannu da hanya, Tsoho. Ka daɗe." 'Ya'yanta biyu suka zo, ɗaya yanzu shi ne ladanin unguwar, ɗayan coci yake zuwa, suka ɗauki fartanya suka haƙa rami a gindin dutse tun da uwarsu ta ce a haƙa, suka binne fatar. Ni na tsaya can nesa inda aka yi mani iyaka, ina ta share ido da hannun riga ina cewa ƙura ce.

Da aka dawo ta sa aka dama mamu fura. Ta ce, "Nomau har ya kwanta ciwo yana cewa, yaron nan zai dawo, ba mugu ba ne, wauta ce ta yi mashi yawa. Me za mu yi da rago? Mu ma muna da raguna. Gidan da aka yi rashi, ai ba ka wuce masu makoki ka tafi ɗibar ruwa ba ka gaishe su ba." Na ce, "Haka ne, Inna." Mahaifiyarki ce ta kawo maganarki, ta ce muna da ɗiya, ga abin da take karantawa, ga abin da take nema.

Inna Kande ta ce, "Mace? Tana kama kwaɗi da hannunta?" Aka ce mata ƙwarai. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta ce, "Ashe ciwon gado ne! Ta zo. Amma ta fara zuwa nan ta gaishe ni, in riƙe hannunta in kai ta da kaina, in nuna ta ga jikokin Tsoho su san ta. Suna nan da yawa, sun cika dutse."

Ummi, tafki ya buɗe maki. Alhamdu lillahi! Ki je mata ranar da Gwaggonki ta ce hanya ta yi kyau. Ki tafi da goro da sabulu da ƙwai, ki zauna a ƙasa, kada ki fiddo littafi ranar farko. In kin gano abin da ke hana gwano cizon kwaɗon nan, kafin ki rubuta ma kowa da Turanci, ki je ki faɗa mata da Hausa, mijinta ne ya yi tambayar.

Ni kuma da na ga fuska ta saki, sai kwaɗayi ya kama ni. Na matsa na ce, "Inna, to ni fa?" Ta juyo da idon nan nata mai hazo ta ce, "Kai? Kai ai ruwan nan ya san hannunka. Ba ka zuwa da buhu, ba ka zuwa da igiya, ba ka zuwa kai kaɗai. Amma in yarinyar ta ga dama ta ɗauke ka riƙon jaka, ba ni hana ta."

Saboda haka, ranki ya daɗe, Malama Ummi, ga wani tsoho nan a Kankara yana neman aiki a ƙarƙashinki. Shekarunshi sittin da bakwai, gwiwa ɗaya ta lalace, yana da surutu, amma ya iya riƙe jaka, ba ya taɓa abin da ba a ce ya taɓa ba, kuma kwanan nan ya koyi gaisuwa. Ba ya son albashi. So yake ya ƙara ganin ruwan nan sau ɗaya, yana tafe a bayanki. In kin duba kin ga bai cancanta ba, ba zai yi fushi ba, ya san abin da ya yi.

Allah ya yi maki albarka, ya tsare fitarki da shigarki, ya sa ki fi ni ilimi, ki fi ni hankali nesa ba kusa ba. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya dawo mani da ke lafiya. Mahaifiyarki na gaishe ki, ki gaida Gwaggonki da kyau.

Ina jiran amsa.

Naki,
Babanki